’Yar Fari a Rufin Kotu

Jiya na yi wani mafarki, kuma da rana tsaka na yi shi. Saura kwana tara in zauna jarrabawar ƙarshe ta zama lauya, fannin da na zaɓa kuwa shari'ar iyali ce: aure, saki, gado da riƙon yara. Ina kife a kan babin riƙon yara barci ya sace ni.

Sai ga ni a wani gari inda kotu ba ta zama wuri ɗaya. Ƙafafu gare ta, tana yawo kamar mai talla, masu ƙara suna bin ta. Na tattare baƙar rigata na bi ta da gudu tun daga kasuwa har bakin rafi, inda ta tsaya shan ruwa, na samu na faɗa ciki. Ban yi mamaki ba. Haushi kawai na ji, don takalmina ɗaya ya tsinke.

Magatakardar kotun kaza ce. Ta dube ni da ido ɗaya ta ce, "Ke ce mai koyon aikin lauyan? Kin makara, tun gobe muke jiranki." Ta tsuguna ta yi hatimi mai ɗumi maimakon ƙwai, ta buga a takardata, sannan ta nuna mini wadda zan kare.

Wata mata ce mai kitso, sunanta Lantana. Aurenta da Malam Tanimu ya mutu, shi kuma yana neman a karɓe ’yarsu Saudatu mai shekara bakwai a ba shi. Lantana tana zaune ta ba yarinyar baya, tana kallon bango.

Alƙalin kunkuru ne, daga cikin ƙoƙon bayansa yake sauraro. Lauyan Malam Tanimu kuwa hankaka ne, baƙar riga da farin wuya, da kayan aikinsa aka haife shi. Ina ganinsa na san akwai jan aiki, don ba banza ake yi masa kirari da mai da ɗan wani naka ba. Amma na ce a raina, yau ko ni ko shi.

Na miƙe na ce, "Ya mai shari'a, doka ta ba uwa riƙon ’ya mace."

Hankaka ya ce, "Ba mu musa ba. Amma a garin nan duk abin da ba a kira sunansa ba, ba shi da nauyi. Ta faɗi sunan ’yar da take so, kowa ya kama gabansa."

Lantana ta ci gaba da kallon bango. Sai na ga ƙafafun Saudatu sun bar ƙasa, ta tashi sama kamar kamu ɗaya. A rufin kotun akwai taga a buɗe. Kaza ta raɗa mini cewa in yarinyar ta fita ta nan, ta zama ta uban ke nan, babu ɗaukaka ƙara.

Na durƙusa kusa da Lantana na ce, "Yaya, don girman Allah ki faɗa. Sau ɗaya tak."

Ta ce, "Ke ba ’yar Hausa ba ce? ’Yar fari ce fa. Wace marar kunya kika taɓa ji ta kama sunan ’yar farinta, balle a gaban mutane?"

"Za a ƙwace ta, Yaya!"

"Ni ina ruwana da ita," in ji ta, hawaye yana gangarowa yana shiga kunnenta, don a garin nan hawaye a kaikaice yake tafiya.

Saudatu ta ƙara kamu biyu. Malam Tanimu ya miƙe ya rattaba sunanta da na kakanta da na kakan kakanta, yana murmushi. Raina ya ɓaci. Na buɗe littafin doka, sai na tarar ba a jiƙa shi ba, shafukan sun yi tauri kamar busasshen wake. Na ajiye shi. In hanya ta ƙi ta ƙofa, ai gida yana da zagaye.

Na ce, "Yaya Lantana, bar batun suna. Waccan yarinyar da ke sama, wadda babu ruwanki da ita, me take ci?"

Ta dubi bango ta ce, "Oho mata. Ba ta dai cin miyar kuɓewa, ƙaiƙayi take sa ta."

Yarinyar ta sauko kamu ɗaya.

"In ta yi zazzaɓi fa?"

"Wa ya sani. Sai dai kunnen hagu ke fara zafi. In an shafa mata ruwa a tafin ƙafa takan samu barci."

Ta ƙara saukowa. Na juya ga uban na ce, "Malam, tabon da ke jikin ’yarka, a wace ƙafa yake?"

Ya ce, "Dama."

Lantana ta gaya wa bango, "Ba ta da tabo."

Hankaka ya buga fukafukai ya ce, "Ban yarda ba! Wannan hirar tsakar gida ce. Suna doka ta ce!" Iskar fukafukansa ta kwashi Saudatu, ta yi sama gaba ɗaya, har kanta ya leƙa waje ta tagar. Saura ƙafafu kawai muke gani suna lilo. Na ji tsoro ƙwarai, amma na rantse ba zan zauna ba.

Na hau kan tebur na ce, "Ya mai shari'a, kowa ya yi magana a kan yarinyar nan, ita ce kawai ba a tambaya ba. Ina roƙo a ji ta bakinta."

Kunkuru ya ɗauki wata guda yana fito da kansa. Muka jira a tsaye. Sannan ya ce, "Ke ta sama, wa ke kiranki a gida?"

Muryarta ta zo daga waje. "Baba yana kirana da sunana. Wani lokaci sai ya kira sau uku ban ji ba."

"Uwar fa?"

"Ita ba ta kirana. Gyaran murya take yi, in zo."

Na dubi Lantana. Na gane ba ni da abin koya mata. Ta gyara ɗaurin zaninta, ta ƙara juya baya, ta yi gyaran murya sau ɗaya, a hankali.

Saudatu ta faɗo tim a bayanta, da nauyin da ya sa sai da kotun ta durƙusa. Lantana ta ce, "Wa kuma ya bar wannan a nan?" Tana faɗa tana tamke ta da mayafi, ɗauri uku, har yarinyar tana cewa a sassauta.

Kunkuru ya buɗe baki zai yanke hukunci, sai na sake jin gyaran muryar, wannan karon kusa da kunnena.

Kafin in buɗe ido na riga na miƙe tsaye ina cewa, "Na'am, Inna." Mahaifiyata ce a bakin ƙofa da kwanon abinci, tana kallon labule. Ta ce, "A gaya wa mai ɗakin nan la'asar ta yi, kuma ba a cin jarrabawa da yunwa."

Ni ce ’yar farinta. Shekarata ashirin da shida, ban taɓa jin sunana a bakinta ba, kuma na sha jin zafin haka a ɓoye. Na buɗe kwanon. Yau miyar taushe aka yi a gidan, amma tawa daban ce, don ni kaɗai ce ba na cin kabewa.