Gonar Tahiru ta Cikin Gilashi

Tun da aka binne Tahiru ban yi kuka ba, har mata suka fara yi da ni. Su yi mana. Ina takaba a ɗakina a Cadawa, a kawo fura in sha, a zo gaisuwa in amsa, in an tafi in jawo na'urar wasansa daga ƙarƙashin matashi.

Mijin nan nawa, Allah ya jiƙansa, ƙato da gemu amma wasan yara ya hana shi sakat. Yana ɗan lakol, wato makarantar boko, kawunsa ya kawo masa wata 'yar na'ura daga Katsina, mai wasan noma a ciki. Ta mutu tuntuni. Da ya fara samu a kabu-kabu sai ya sayo sabuwa mai faɗin gilashi, aka zuba masa wata manhaja da ke sa ta yi kamar tsohuwar, har wasan ya tashi. Hoton dishi-dishi, kiɗan kamar kukan sauro. Sau nawa na ce masa, “Wai ga gonar gero can tana jiranka, kai kana ban ruwa a gilashi?”

Shekaru ya yi yana gina gonar nan ta cikin gilashi. Ya yi shinge, ya haƙa rijiya, ya sayi saniya ya sa mata sunana, Habsatu, don ya ba ni haushi. Duk abin da ya yi yana ajiye a ciki, in ka kunna sai ka tarar da ɗan mutumin wasan tsaye inda ya bar shi, bakin rijiya. Ni da nake tsiya, ni na koma ba shukarsa ruwa. Ba daɗi nake ji ba. Hannuna dai yana samun abin yi, kuma nan ne kaɗai ba a taɓa masa kaya ba.

Sai bakin cajin ya lalace. Mai takaba ba ta zuwa kasuwa, don haka na ba ƙaninsa Ridwanu ya kai wa Yasin mai gyaran waya. Na ce, “Bakin caji kawai.” Ya ce to.

Da la'asar ya dawo yana washe baki.

“Yaya Habsatu, Yasin ya ƙi karɓar komai. Ya ce shi da marigayi ba ta haka. Har gyara ya yi miki.”

“Wace gyara?”

“Kin san shi, ba ya mayar da kaya hannu rabbana. Ya ga abin ya yi nauyi, ya share shi tas, ya zuba miki sababbi. Ƙwallo, tseren mota, har karatun Alƙur'ani ya sa, ladan ya kai wa yaya Tahiru.”

Na karɓa. An goge gilashin yana ƙyalli.

“Wasan noman fa?”

“Yana nan! Ni na tuna masa, na ce kina son sa. Ya sake zuba shi sabo fil.”

Na kunna. Kiɗan sauron ya tashi yadda ya saba. Ga fili nan duk ciyawa da duwatsu da kututture. Babu shinge, babu rijiya. Na zagaya da ɗan mutumin gabas da yamma ina neman saniyar, ko da yake na riga na sani.

“Ba a iya dawo da na da?”

Ridwanu ya sosa ƙeya. “Ai iri ɗaya ne, yaya. Ko akwai abin da ya ɓata?”

Yana tsaye bakin ƙofa da ƙurar kasuwa a ƙafarsa, shi ma ɗan'uwansa ya rasa, ga shi yana jira ya ga ya faranta mini. Na so in ji haushi, wallahi na nema, ban samu ba.

“Babu,” na ce. “Ka ce wa Yasin Allah ya saka da alheri.”

Ya ce amin, ya fita da saurinsa ya kai saƙon.