Bencin Maureen

Daga Derby zuwa Buxton tafiyar awa ɗaya ce, amma Desmond Ollerenshaw ya mai da ita awa biyar, kuma ko wane tsaiko da hujjarsa. Shekara talatin da takwas ya yi yana koyar da tarihi. Wanda ya yi wannan aikin ba ya rasa hujja.

Yana zaune a bayan mota, rungume da kwalba marar komai da ƙananan kofuna biyu. 'Yarsa Philippa na gaba, mijinta Neil na tuƙi. Neil mutumin kirki ne, abin da Desmond ya kasa yafe masa ke nan.

Yau ce zagayowar ranar aurensa da Maureen. Shekara arba'in da ɗaya, duk ranar nan sai sun je Buxton sun cika kwalba a tsohon maɓuɓɓugar garin, su zauna a lambu su sha kofi ɗaya ɗaya. Maureen ta yi imani ruwan na ƙara tsawon rai. Desmond bai taɓa yarda ba, kuma shi ne ya rage. Bayan rasuwarta bara, Philippa ta sa an kafa benci a lambun da sunanta a kan ɗan allon tagulla. Wata takwas ke nan bai je ya gani ba. Yau ya yi alkawarin zai zauna a kai.

A Tissington ya ce a tsaya. Makon yi wa rijiyoyi ado ne, mutanen ƙauyen sun manna ganyen fure a jikin yumɓu sun fitar da hotuna. Rijiya shida ce, sai da ya duba ko wacce, ya kuma sanar da wata mata cewa tunkiyar da ta yi kwana huɗu tana mannawa ta fi kama da kare.

"Baba, ƙarfe sha ɗaya fa muka ce za mu isa," in ji Philippa.

"Ku kuka ce."

A Hartington ya tuna yana bukatar cuku. Daga nan ya ce ya san wata gajeriyar hanya, suka shiga wani siririn titi tsakanin katangun dutse, suka yi kiciɓis da tarakta. Neil ya yi ta ja da baya kusan rabin mil, yana ɗaga wa manomin hannu yana ba shi haƙuri.

"Haƙurin me kake ba shi? Shi ya tare mu."

"Ai hanyarsa ce, Desmond."

"Hanyar Rumawa ce. Shi ma baƙo ne."

Philippa ta juyo ta dube shi, irin kallon uwarta sak. "Baba, in ƙauyukan suka ƙare, me za ka fake da shi?"

Desmond ya kau da kai. Ya duba taga kamar bai taɓa ganin saniya ba.

Uku saura suka shiga Buxton. Wurin ajiye motar da Neil ya samu na awa ɗaya ne kacal. A maɓuɓɓugar suka tarar da layi, wani mutum ya zo da jarka tara, babu kuma wanda ya ce masa uffan. Kowa dai ya harari ƙeyarsa. Kafin ruwan ɗumin ya zubo daga bakin zakin tagullar da ke jikin maɓuɓɓugar zuwa cikin kwalbar Desmond, rabin awa ta tafi.

A lambu, bakin rafi, benci goma sha biyu ne a jere. Sha ɗaya babu kowa. Philippa ta nuna na sha biyun. Wata tsohuwa ce a kai, da rigar ruwa rawaya, tana saƙa, ta jingina bayanta daidai kan allon.

Desmond ya tsaya cik. Benci na cin mutum uku, amma babu ɗan gidan mutunci da zai je ya zauna kusa da baƙuwa alhali ga benci sha ɗaya na hamma. Sai a ce mahaukaci ne, ko kuma mai son hira, wanda ya fi muni.

"Bari in gaya mata," in ji Philippa.

"Ki kuskura."

"To me za ka yi?"

"Za ta tashi."

Ya wuce ta gabanta a hankali, hannu a baya. Ya dawo ya yi tari. Karo na uku ya tsaya ya duba agogo, ya duba sama, ya gaya wa agwagin rafin cewa da alama za a yi ruwa. Tsohuwar ta ciro sabon ƙullin zare daga jaka.

"Saura minti goma lokacin ajiye motar ya ƙare, Baba."

"Ina da agogo."

A zagaye na huɗu tsohuwar ta ɗago. "Ɗan agwagwa, in bayan gida kake nema, yana can bayan rumfar makaɗa."

Mutanen Derbyshire kowa agwagwa ne a bakinsu, har bishop.

"A'a, na gode. Ki yi haƙuri," in ji Desmond, ya juya ya nufi ƙofar lambu. Shi ke nan, ya zo, ya gani daga nesa, sai baɗi. Har ya ji wani sanyi a ransa.

Amma a bakin ƙofa Philippa kaɗai ya tarar.

"Ina mijinki?"

"Ya tafi da motar. Ya ce zai yi ta zagaya gari har ka zauna, ko da man zai ƙare."

Ka ji mugun halin mutanen kirki. Desmond ya dubi kwalbar. Ruwan ya fara hucewa, Maureen kuwa ba ta shan sa da sanyi. Ya koma, ya wuce benci sha ɗaya ɗaya bayan ɗaya, ya zauna a ƙarshen na sha biyu, kunnuwansa jajir.

Tsohuwar ba ta daina saƙa ba. "Sunana Audrey Brocklehurst. Ka zauna a hankali, bencin Maureen ne. Kullum da rana muna hira ni da ita. Ba ta katse mutum."

"Ashe ta canza."

Audrey ta gusa. Allon ya bayyana, yana ƙyalli, da alama hannun riga na goge shi. Desmond ya sa tabarau ya karanta: Maureen Ollerenshaw. Ta so wannan wuri, ta kuma jure Desmond.

"Ita ta faɗi abin da za a rubuta, Baba," in ji Philippa daga bayansa. "A asibiti. Ta ce kada in gaya maka, ka zo da ƙafarka."

Ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa, duk da ba su yi datti ba.

"Ni dai tun kaka nake son ganin Desmond ɗin nan," in ji Audrey.

"Ni ne."

"Na sani tun zagaye na biyu. Na ce bari in ga iyakar taurin kan."

Ya zuba ruwa a kofuna biyun. Na biyun ya yi niyyar tsiyaye shi a gindin benci, sai ya ga asara ce, ya miƙa mata. Ta kurɓa ta yatsina fuska.

"Wannan ai ruwan wanka ne."

"Shekara arba'in da ɗaya ina faɗa," in ji Desmond, ya shanye nasa tas.

Can bayan shinge motar Neil ta wuce karo na biyar, ya ɗago musu hannu. Desmond ya dubi ragowar ruwan kwalbar, ya toshe bakinta.

"Ki ajiye wa mijinki. Ya cancanta."

Philippa ba ta tambaya ko lada ne ko horo ba.