Shekarar da Nasidi Ya Tsare wa Ƙofar Kibo Gida

Shekara goma sha huɗu Nasidi ya yi yana tsare wa ƙungiyar Ganuwa gida. Ƙungiyar ƙwallo ce ta unguwar Ƙofar Doka, tana buga ƙaramar gasar da ƙungiyoyi goma sha biyu na Zariya da kewaye suke yi duk shekara. Filinta yana bayan ganuwa, rabinsa ciyawa rabinsa jar ƙasa. Shi kuwa Nasidi sana'arsa ɗinkin hannu ce. Da safe yana zaure tare da yayansa suna yi wa manyan riguna aiki, da la'asar ya ajiye allura ya ɗauki safar hannu. Tun shekaru biyar da suka wuce shi ne kyaftin.

Kakar wasa ta ƙare da saukar ruwan farko, Ganuwa ta zo ta uku. Kafin a gama noman farko rabin ƙungiyar ya watse. Jalo, wanda ya fi kowa cin ƙwallo, wata ƙungiya ta Kano ta ɗauke shi. 'Yan baya biyu suka shiga soja. Wani ya samu gurbin karatu a Sakkwato, wani ya yi aure surukinsa ya ja shi Kaduna tsaron shago, wani kuma gwiwa ta hana shi. Mutum shida ke nan cikin sha ɗayan da ake fara wasa da su.

Alhaji Dogara, mai sayar da yadi, shi ne uban ƙungiya. Ya kira taro a zaurensa bayan sallar la'asar. Aka zauna da dattawan kwamiti, da Nasidi, da koci Malam Zulkiflu, wani malamin firamare da ya shekara takwas yana horar da yaran unguwa ranar Asabar da Lahadi ba wanda ya sa shi.

Alhaji ya ce akwai gogaggun 'yan wasa a Sabon Gari da Samaru, har ya riga ya yi magana da huɗu. Malam Zulkiflu ya tuna masa cewa waɗanda aka ɗauko daga waje shekaru uku baya kaka ɗaya suka yi suka kama gabansu. Ya ce yana da samari bakwai, babbansu bai wuce sha tara ba, tun suna aji huɗu suke wasa tare, kowa ya san inda ɗan'uwansa zai gudu kafin ya gudu. Alhaji ya ce da tsohuwar zuma ake magani. Aka ja magana har aka fara maimaita abin da aka riga aka faɗa, sannan Alhaji ya juya ya ce a ji ta bakin kyaftin.

Nasidi ya goyi bayan koci. Ya ce shi kansa yana ɗan shekara ashirin aka tura shi tsakanin sanduna, a wasansa na farko aka zura masa biyar, kuma da an cire shi ranar da yanzu ba ya nan. Ya ce a ba yara. Alhaji ya ja carbinsa, daga baya ya ce to, kaka ɗaya, a gani.

Suka fito tare da Malam Zulkiflu, suka bi lungun da ya ratsa bayan masallaci. Lungun ba ya ɗaukar mutum biyu kafaɗa da kafaɗa, don haka koci yana gaba. Bai waiwayo ba ya ce, "Kyaftin, cikin bakwai ɗin nan akwai Haisam."

Haisam shi ne golan yaran. Nasidi da kansa ya koya masa, shekara huɗu, tun daga yadda ake faɗuwa ba a ji ciwo ba. Ya ce ya sani, yaron ya zauna a benci ya ƙara gani.

"Ba benci nake nufi ba," in ji Malam Zulkiflu. "In zan gina su, tare zan gina su. Shi zai fara."

Suka kai bakin titi. Koci ya ce yana so Nasidi ya zauna a matsayin gola na biyu, ya riƙa taimaka wa yaron. Nasidi ya ce zai yi tunani.

A gida ya gaya wa matarsa Ummukulsum. Ta saurare shi har ya gama, sannan ta tambaye shi ko ba shi ne ya ce a ba yara ba. Ya ce shi ne. Ta ci gaba da tankaɗe garinta.

Kwana goma bayan haka Kabir, kocin ƙungiyar Ƙofar Kibo, ya zo zaure ya same shi yana ɗinki. Golansu ya tafi, kuma labari ya riga ya kai musu, ya ce Nasidi ya zo ya tsare musu gida. Tsakanin Ƙofar Kibo da Ganuwa babu gaba, amma ranar da suka haɗu ko 'yan'uwan juna ba sa zama gefe ɗaya. Nasidi ya nemi kwana biyu, ya amsa a kwana ɗaya. Ya je da kansa ya mayar wa Malam Zulkiflu ƙyallen kyaftin, suka yi musabaha, koci ya yi masa fatan alheri. A unguwa ba wanda ya ce masa komai. Ana gaishe shi kamar kullum, sai dai in ya iso majalisa ana hirar ƙwallo, sai hirar ta koma ta farashin taki.

Aka fara gasa bayan an cire amfanin gona. Ganuwa ta sha kashi a wasanni uku na farko, ta yi canjaras a na huɗu. Yayan Nasidi ne ke kawo masa labari, yana faɗa ba tare da ya ɗago kai daga ɗinki ba: an ci Haisam uku, an ci Haisam biyu, Alhaji Dogara ya bar fili kafin a tashi. Ƙofar Kibo kuwa tana ta cin wasa, Nasidi ya yi wasa uku a jere ba a zura masa ko ɗaya ba.

A mako na bakwai jadawali ya haɗa Ƙofar Kibo da Ganuwa. Ranar Alhamis bayan atisaye, 'yan wasa suna zaune a ƙasa suna cire takalma, Kabir ya tsaya a gaban Nasidi ya tambaye shi, kowa yana ji, ta ina ake cin yaron nan Haisam.

Nasidi ya san amsa. Haisam yana ɗan shekara sha biyar ya faɗo daga babur, kafaɗarsa ta dama ta goce. Ta warke, amma har yanzu in ƙwallo ta zo ƙasa-ƙasa ta wannan gefen yakan ɗan yi jinkiri kafin ya jefa jikinsa, jinkirin da bai kai ƙiftawar ido ba. Ko Malam Zulkiflu bai lura ba. Yaron ne ya gaya wa Nasidi wata rana suna su biyu, cewa duk sanda zai faɗi ta dama sai ya tuna da kwalta.

Ya ɗauki lokaci yana kwance igiyar takalminsa. Mutanen nan sun karɓe shi, rigarsu yake sawa, kuma da a Ganuwa aka yi masa wannan tambayar game da wani gola, da bai tsaya tunani ba.

"Ƙasa-ƙasa, ta damarsa," ya ce. "Kada ku ɗaga ta."

Ranar Asabar aka buga a filin Ganuwa. Mutane sun cika har saman tudun ganuwa. Daga inda yake tsaye Nasidi yana hango Haisam a ɗaya ƙarshen, yana taɓa sandunan biyu kafin a busa usur, kamar yadda shi ma yake yi. Minti goma sha biyu da farawa aka buga ta farko, a ƙasa, ta dama, ta shige. Kafin hutun rabin lokaci aka maimaita.

Bayan an dawo yaran Ganuwa suka taso. Ba su da ƙarfin jiki, amma ƙwallo tana yawo a ƙafafunsu yadda Malam Zulkiflu ya faɗa a taro. Suka matsa wa Nasidi lamba, ya ture uku, ya kama biyu, ta shida ta wuce shi. Wanda ya ci ɗan maƙwabcinsa ne, Nasidi ya ci tuwon sunansa. Aka tashi biyu da ɗaya. Haisam ya ratso fili ya zo ya rusuna ya gaishe shi, ya ce sannu da ƙoƙari, Yaya.

Washegari da hantsi Nasidi ya je shagon gyaran waya inda Haisam yake aiki. Ya kira shi waje, ya gaya masa abin da aka tambaye shi da abin da ya amsa, bai ƙara ba bai rage ba.

"Na gane tun a ta farko," in ji Haisam. "Ba wanda ya san wannan sai kai."

"Yanzu mutum ashirin sun sani. Nan da mako biyu duk gasar ta sani."

Haisam yana kallon ƙasa.

"Akwai yashi a bayan ganuwa, wajen da ake buga bulo," in ji Nasidi. "Gobe bayan asuba ina can."

Haisam ya ce sai ya tambayi koci. Malam Zulkiflu ya ce ya je. Haka suka riƙa haɗuwa sau uku a mako. Nasidi yana jefa masa ƙwallo ta dama, da hannu tukuna, daga nesa kaɗan, yaron yana faɗawa kan yashi. Bayan mako biyu suka koma kan ciyawa, daga baya kan jar ƙasa. Ba sa wata hira. Nasidi ya ce sake, Haisam ya tashi ya karkaɗe jiki. A wasannin da suka biyo baya kowace ƙungiya ta dama take nema, kamar yadda Nasidi ya faɗa. Da farko suna samu, daga baya abin ya ragu.

Labarin ya kai kunnen Kabir, ya kira Nasidi gefe ya ce ba a hawa doki biyu. Nasidi ya ce gaskiya ne, kuma bai ɓoye wa Ƙofar Kibo komai ba ranar da aka tambaye shi. Ya ce in Kabir bai natsu ba, ya ajiye shi ranar da za a sake haɗuwa da Ganuwa. Kabir bai yi musu ba. Ranar wasan Nasidi ya zauna a benci, karo na farko a shekara goma sha huɗu da ya zauna lafiyarsa ƙalau. Sau huɗu aka buga wa Haisam ƙasa-ƙasa ta dama. Ya tare uku, ta huɗu ta daki sanda ta fita. Aka tashi ba ci.

Ƙofar Kibo ta gama ta biyu, Ganuwa ta takwas. Alhaji Dogara ya ce ba laifi, amma duk da haka ya ɗauko mutum biyu daga Samaru a kaka ta gaba, Malam Zulkiflu bai hana ba. Kabir ya samo gola daga Funtuwa, ya yi wa Nasidi godiya ta waya. Nasidi bai nemi wata ƙungiya ba. Da Malam Zulkiflu ya ce ya dawo Ganuwa ya riƙe masa horon gololi, manya da ƙanana, ya amsa.

Haisam ya zama gola mai kyau, ko da yake damarsa ba ta taɓa kamo hagunsa ba. Yana girmama Nasidi, yana yin duk abin da ya sa shi a fili. Wata rana da sanyin safiya Nasidi ya gan shi yana murza kafaɗar bayan ya faɗi, ya tambaye shi ko tana damunsa. Haisam ya ce lafiya lau, Yaya, ya koma tsakanin sanduna. Daga baya Nasidi ya ji a bakin Malam Zulkiflu cewa yaron ya yi mako guda yana zuwa wajen mai ɗori.