Amshin Mama Atine

Tun da aka binne mijinta a Jos, Mama Atine ba ta ƙara yin waƙa ba. Ita ce mai ba da waƙa a Zumuntar Mata ta cocinsu na garin Bowie a Amurka, amma yanzu sai ta zauna a bencin baya ta naɗe hannu. 'Yarta Constance ta yi duk abin da ta sani. Ta nemo mata likita, ta karanta mata littattafai, har ta miƙe a taron coci ta ce wa dattawa "a yi haƙuri" ba magani ba ne, lalaci ne. Suka sa mata albarka, suka koma batun shinkafar Kirsimeti.

Sai ga Becky, 'yar ƙanwar Mama, wadda ta watsar da karatun nas ta bi 'yan wasan dandamali a Washington. Sun yi wasan kwaikwayo na waƙe-waƙe a kan iyalin da uwa ta mutu ta bari, suka naɗi waƙoƙin a faifai. Constance ta saurara a ɓoye tana neman aibu. Ba ta samu ba, abin ya ƙara ƙona mata rai.

Ran Asabar Constance tana kai Mama aiki garin Laurel a mota, Mama ta ce, "Sa mini abin nan na Becky."

"Mama, kusan duk Turanci ne fa."

"Ke dai sa. Ko kishi kike?"

"Kishin wa? Wadda ko allura ta kasa koya?"

Ta sa. Can a tsakiyar faifan kiɗa ya ɗauke, muryar Becky ta tashi ita kaɗai da Hausa, da salon matan Zumunta: "Wa zai tashe mu da safe?" Babu wanda ya amsa. Shirun ya yi tsawo.

Mama ta gyara zama. "Waɗannan mutane ba su da tarbiyya ne? Yarinya ta ba da waƙa a bar ta a tsaye?"

"Da gangan ne, Mama. Uwar da za ta amsa ce ta rasu, shi ya sa..."

"Ba lacca na tambaye ki ba. Mayar da shi baya."

Constance ta mayar. Becky ta sake tambaya. Mama ta buga tafin hannu a cinya kamar tana kaɗa tulu, ta amsa da murya a dishe: "Mai rana zai tashe ku." Daidai nan 'yan wasan suka ɓarke da waƙar murna, Mama ta bi su tana dariya, hawaye na zuba.

Constance ta damƙe sitiyari. Duk wahalar da ta sha, ashe Becky ce za ta buɗe bakin nan, Becky da ko gaisuwar mutuwa ba ta zo kan lokaci ba.

"Sake," in ji Mama.

Ga kwanar wurin aikin a dama. Constance ta wuce ta, ta mayar da waƙar baya.