Hancin Aro

Cutar ta tafi da zazzaɓinta da tarinta, amma ta yi awon gaba da hancin Maman yara. Mace mai sana'ar haɗa sabulu da man shafawa, wadda tun daga ƙofar gida take gane maƙwabciyar da ta sauya turare, sai ga shi ta yanka lemun tsami ta shinshina ta ji kamar ruwan famfo. Abin ya ci mata rai, har kuka ta yi a ɓoye.

Mijinta bakanike ne, garejinsu a rufe tun da aka hana fita saboda annoba. Mutum ne mai rowar magana. Tun aurensu, iyakar yabon da ya taɓa yi wa girkinta shi ne miƙo kwano a ƙara masa. Shi ne fa wata safiya, bayan an yi yayyafi, ya tsaya bakin taga ya yi gyaran murya kamar mai tayar da tsohuwar mota.

"Ruwa ya sauka, ƙasa ta sha,
Tana ƙamshin sabon tulu.
Tsakar gida ta yi sanyi,
Sai warin safar da na manta jiya a cikin bokiti."

Ta yi dariya har tari ya taso mata. Ta ce baitin ƙarshe ya fi ƙarfin numfashin mai ciwo, shi kuma ya ce aron hanci ya ba ta, ba gasa ya shiga ba.

Daga nan abin ya zame masa aiki. Ya yi wa furen lemon bayan ɗaki waƙa, ya yi wa albasa a cikin mai, ya yi wa kyanwar da ruwa ya daka. Kwatar layi ma ba ta tsira ba. Waƙoƙin duk a karkace suke, amma Maman yara takan farka da ɗokinsu, don ba ta taɓa jin muryar mutumin nan da yawa haka ba.

Ran nan tana shanya, ƙamshin sabulunta ya daki hancinta. Ta buɗe baki za ta kira shi, sai ta fasa. Bakanike ai ba ya ƙara taɓa motar da ta tashi. In ya ji ta warke zai koma gidan jiya, daga "to" sai "madalla". Ta ja bakinta ta yi gum, ta ci gaba da karɓar waƙa da fuskar marar lafiya.

Shinkafa ce ta tona mata asiri. Shi ya ɗora, ya jingina da ƙofar kicin yana rera mata waƙar ganyen na'a-na'a, ita tana can ƙuryar ɗaki. Ta daure, ta ƙara daurewa, ƙauri ya cika gidan.

"Baban yara, tukunyarka ta kama."

Ya sauke da sauri, ya juyo yana kallonta, murna fal fuskarsa. Ita kuwa wani abu ne ya tsaya mata: tukunyar tana bayansa, amma bai ji komai ba. Da ta matsa masa, ya sosa ƙeya ya ce nasa hancin ma tare da nata ya tafi, bai faɗa ba ne don kada damuwar ta zame mata biyu.

"To duk ƙamshin nan da kake faɗa, ina ka samo shi?"

"A bakinki. Shekara da shekaru kina faɗa ina ji. Ni jerawa kawai na yi."

Ashe yana saurare, ita da ta ɗauka da bango take hira duk zaman nan. Idonta ya ciko, ta ɗauki cokali ta hau kankare ƙanzo don kada ya gani.

Ya karɓi cokalin daga hannunta ya ce, "Gobe ki tashi da wuri ki shinshino mini furen nan. Akwai baitin da ban gama ba."