Rigingine

"Ƙofar ta ƙi buɗuwa, Sista! Akwai abu a bayanta!"

Da wannan ihun Anti, mai gidan renon yaran, ta tarbe ta tun daga bakin gida, ɗankwali a hannu. Sista ko jaka ba ta ajiye ba ta bi ta da gudu. Ita ce jami'ar lafiyar da ke zagayowa duk mako ta duba ruwan sha, da rigakafin yara, da yadda ake kwantar da jarirai. Yau dai ba dubawa ta tarar ba.

"Su wa ke ciki?"

"Goggo ce, da Bakwaini. Na yi ta bugu, shiru!"

Goggo maƙwabciyar Sista ce, katanga ɗaya ta raba su, kuma Sista ce ta samo wa tsohuwar aikin renon bayan rasuwar mijinta. Bakwaini kuwa ɗan wata mai ɗinki ne, wanda aka haifa wata bai cika ba, numfashinsa kamar na ɗan tsako. Uwar ta so ta ajiye ɗinkin ta zauna da abinta. Sista ce ta dafa ƙirji ta ce, "Kawo shi, ni na tsaya miki."

Ta sa kafaɗa ta tura. Ƙofar ta ɗan motsa, ta tokari wani abu mai taushi da nauyi. Sista ta ja da baya.

"Goggo! Goggo, ni ce!"

Ba amsa, sai ƙarar fanka. Da ma a ce kukan yaro take ji! Wallahi ba ta taɓa kwaɗayin jin kukan jariri kamar yau ba.

Abin da ya fi tsinka mata zuciya shi ne halin Goggo. Wata da watanni suna fama a kan kwanciyar jarirai. Goggo rub-da-ciki take kifa su, ta tokare da matashi, ta lulluɓe da mayafinta mai kauri.

Kullum sai Sista ta ce, "Goggo, rigingine. Ba matashi, ba lulluɓi. Numfashinsu toshewa yake yi."

"Ji mini yarinya! Waɗanda na kifa tun ba a haife ki ba, ga su can da gemunsu."

"Wannan bakwaini ne, Goggo."

"To, likitar bayan katanga, mun ji."

Ji kuwa ba ta yi ba, don ko makon jiya sai da Sista ta juya yaron da hannunta. Yau da safe ma, ta kan katanga, Goggo ta ce hannunta na hagu ya yi mata nauyi. Sista ta ce in ta zo za ta gwada jininta.

Mai gadi ya zo da wuƙa ya farke ragar taga. Sista ta taka kujerar yara ta kutsa, ƙarfe ya karce mata gwiwa ba ta ma sani ba. Ga Goggo kwance a bayan ƙofa, fuska a ƙasa. Sista ta tsallake ta, Allah ya yafe mata, ta nufi gadon jariri.

Gadon wayam.

"Innalillahi!" Ta waigo ta dubi jikin Goggo mai faɗi, ta tuna yadda ta tura ƙofa da ƙarfi. Ko yaron yana ƙarƙashinta? Me za ta ce wa mai ɗinki? Da wane bakin?

"Sista, yana ina?" Anti ke tambaya ta taga.

Sai ta hango shi. Can kan tabarmar tsakiyar ɗaki, nesa da ƙofa, nesa da komai. An kwantar da shi rigingine, hannuwa a sama, an ture matashin gefe. Ta rarrafa ta ɗora tafinta a ƙirjinsa, ta kasa tantance ko yana motsi. Ta ɗauke nata numfashin ta jira. Ɗan ƙirjin ya taso, ya sauka.

"Barci yake," ta ce, hawaye suka ɓalle mata.

Ta koma kan Goggo, ta birkito ta, ta danna ƙirji ta hura baki har hannuwanta suka mutu. Jikin ya riga ya fara sanyi. Daga tabarma zuwa ƙofa, ledar ƙasa ta tattare inda tsohuwar ta ja jiki don ta kira mutane.

"Goggo fa?" in ji Anti a hankali.

Sista ta girgiza kai. Ta shafe idanun maƙwabciyarta, ta nemi abin da za ta rufe ta da shi. Mayafin nan mai kauri yana damƙe a hannun Goggo, ta tafi da shi har bakin ƙofa. Sista ta ɓamɓare yatsun a hankali ta zare shi, ta shimfiɗa mata. A bayanta Bakwaini ya yi miƙa, ya tsotsi leɓensa, ya ci gaba da barcinsa yana fuskantar sama.