Kada Ki Cilla Shi Sama

Aikina yanka ƙwaƙwalwar ɓeraye ne a wani ɗakin bincike a Ibadan, kuma har gobe mahaifiyata ba ta yafe mini ba. Wai ta sha wahalar karatuna, na ƙare a kiwon abin da mutane ke sa wa guba.

Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa saƙo iri biyu suke aika wa juna, ɗaya ya ce "tashi", ɗaya ya ce "tsaya". Kowane saƙo da masu karɓarsa, kuma akwai wani furotin da ke riƙe su a wurinsu kamar turke. Ɓerayena ba su da turken "tsaya". Ana haihuwarsu, in ka taɓa su sai su sandare, ko nono ba sa iya sha. Ba sa kwana da rai.

Shi ya sa gabana ya faɗi ranar da muka dawo da matata Morenike daga haihuwa. Murfin tukunya ya faɗi a kicin, na ga ɗana ya miƙe ƙam. Na ɗan taɓa masa hanci, ya sake yi. Na kasa gaya wa uwarsa. Na kira wata likitar yara, ta ce in kawo shi da safe, kada a razana shi, in kuma ya sandare in naɗe kansa zuwa gwiwoyinsa.

Gari na wayewa sai ga Mama daga Ogbomoso, da soso da sabulun salo da manja. Wankan jika nata ne, kuma a gidanmu ba a gama shi sai an cilla yaro sama an cafe, don kada ya tashi matsoraci.

Na ce, "Mama, ki wanke shi, amma don Allah kada ki cilla shi."

"Ji mini sarkin ɓeraye! Akanji, kai za ka koya mini wanka? Kai da na cilla har kana tsula mini fitsari a fuska?"

"Ba shi da lafiya, Mama."

"Bakinka ya sari ɗanyen kashi. Miƙo mini tawul."

Na juya ke nan na ji ta ce "Yauwa!" Kafin in waiwayo yana sama. Ta cafe shi a sandare, hannuwa a dunƙule, ba kuka, ba numfashi. Leɓɓansa suka fara yin baƙi. Morenike ta ƙwalla ihu. Na fizge shi, na danna kansa zuwa gwiwoyi, jikin yana ƙi kamar busasshen icce. Tsoron da na ji ban taɓa jin irinsa ba. Sai can ya ja numfashi, ya saki wani siririn kuka.

Na ce wa Morenike ta ɗauko mukullin mota. Na zaci Mama za ta balbale ni da faɗa. Tana zaune a gaban baho, ta ƙura wa hannuwanta ido, ruwa na ɗiga daga yatsunta.

Ta ce, "Akanji, kafin kai na haifi maza biyu."

Ban taɓa ji ba.

"Haka suka yi mini a hannu, su duka, a gaban baho. Aka ce 'yan wabi ne, sun zo ne don su koma." Ta ɗago kai ta dube ni. "Su ma ni na cilla su."